Hancin Roba Kafin Hancin Mutum: Sabuwar Hanyar Horar da Likitocin Tiyatar Hanci

Daga ƙofar hancin babban mutum zuwa bangon rami na ƙarshe da ke can ƙurya, tafiyar ba ta wuce santimita 7 ba. Amma a cikin wannan 'yar tazara likitan tiyata zai ratsa ta gefen ido, ya bi ta ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ya je ya tsaya dab da jijiyar gani da babbar jijiyar da ke kai jini cikin kai. Mu da muke waje ƙofa biyu da karan hanci kawai muke gani. Abin da ke ciki ya wuce nan nesa ba kusa ba.

Akwai katangar da ta raba hancin gida biyu, gabanta guringuntsi, bayanta ƙashi. Akwai wasu naɗaɗɗun ƙasusuwa uku-uku a kowane gefe, masu ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta sauka huhu. Sannan ga ramukan iska a cikin ƙashin fuska, kashi huɗu, dama da hagu: na kunci, na goshi, na tsakanin idanu, da na ƙurya. Na tsakanin idanun nan shi ne mai wuyar sha'ani, domin ba rami ɗaya ba ne, ƙananan ɗakuna ne birjik, kuma ƙashin da ya raba su da kwarmin ido a wurare da yawa bai kai rabin milimita kauri ba. Daga rufinsu kuwa sai ƙwaƙwalwa. In ƙarfen likita ya karkace gefe, ido ya shiga. Jini na iya taruwa a bayan idon, ko tsokar da ke juya shi ta yanke mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, ko ma ya makance. In ya yi sama fiye da kima ya huda rufin, ruwan ƙwaƙwalwa zai riƙa ɗiga ta hanci, ƙofar sanƙarau ta buɗe ke nan. A hannun ƙwararru irin wannan babban tsautsayi bai cika wuce 1 cikin 100 ba, amma wanda ya faɗa wa bai damu da lissafi ba.

Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne Allah bai yi mu iri ɗaya ba. Tun 1962 wani masanin ƙirar jiki mai suna Keros ya auna zurfin kwarin da ke rufin hanci, inda jijiyoyin jin ƙamshi ke ratsawa, ya kasa mutane kashi uku: wasu milimita 1 zuwa 3, wasu 4 zuwa 7, wasu kuma 8 zuwa 16. Masu zurfin sun fi saurin hujewa. Wani kuma an halicce shi da ɗan ɗakin iska da ya zarce baya har ya rungumi jijiyar gani. Har a kan mutum ɗaya, dama na iya saɓa wa hagu. Saboda haka zanen da ke cikin littafi bai isa ya tsare likita daga kuskure ba. Shi ya sa yanzu ake ƙera hancin roba da na'ura, ɗalibi ya fara koyo a kansa kafin ya taɓa na mutum.

Kada wani ya ce wannan magana ce ta masu neman gyaran hanci don kwalliya. Mu a Kebbi da Zamfara masu buƙatar aikin hanci su ne magidancin da tsiro ya toshe masa hanci shekara da shekaru har ya manta ƙamshin abinci, yana kwana baki buɗe. Da matar da mugunya ta taru a ramin kuncinta tana fama da ciwon kai da wari, ta sha maganin mura har ta gaji, ƙurar hunturu na ƙara tayar mata da shi. Da saurayin da haɓo ya ƙi tsaya masa saboda wani tsiro mai yawan jini da ke fita a bayan hanci, wanda kusan samari matasa kaɗai yake kamawa. Da ɗan kabu-kabun da ya faɗi a hanyar Jega karan hanci ya karye. Ga kuma yara masu cusa gyaɗa ko ƙwayar masara ko dutsen ado a hanci. A nan bari in ɗan ratse, don abin na ci mini rai: in ƙaramin batirin agogo ko na abin wasa ne yaro ya cusa, kada a kwana, kada a ce bari gari ya waye. Cikin 'yan awoyi yake ƙone naman ciki har ya huda katangar hanci.

To, yaya ake koyon wannan aiki?

A da, in za a shiga ramukan nan, sai an tsaga ta ƙarƙashin leɓe ko ta gefen hanci. Abin ya sauya ne bayan wani masanin haske ɗan Ingila, Harold Hopkins, ya ƙirƙiro siririyar sandar gilashi mai kai haske ciki ta dawo da hoto tar, kamfanin Karl Storz na Jamus ya shiga ƙera ta. Walter Messerklinger a birnin Giraz na Ostiriya ya yi amfani da ita a shekarun 1960 da 1970 ya gano yadda majina ke bin hanyarta tana fita daga ramukan, ya nuna cewa sau da yawa buɗe 'yar ƙofar da ta toshe ya wadatar, ba sai an kankare komai ba. Almajirinsa Heinz Stammberger da David Kennedy na Amurka suka yaɗa salon a tsakiyar shekarun 1980. Yau galibin aikin ta ƙofar hanci ake yin sa, ba tabo a fuska.

Sai dai sauƙin da majiyyaci ya samu, likita ne ya biya shi da wahala. Madubin leƙen nan kaurinsa milimita 4 ne. Likita na riƙe da shi a hannun hagu, ƙarfen aiki a hannun dama, dukansu a rami ɗaya, idonsa kuma ba a kan majiyyaci yake ba, yana kan allon talabijin. Hoton allo shimfiɗaɗɗe ne, ba ya nuna zurfi. In aka sauya zuwa madubi mai kallon kwana, na digiri 30 ko 70, sai ya zama inda hannu ya nufa daban, inda ido ke kallo daban. Ɗigon jini ɗaya a bakin madubin ya isa ya rufe komai. Sabon hannu yakan riƙa karo da madubin da ƙarfen, yana gogar naman ciki yana jawo jini tun kafin ya isa wurin aikin. Wannan ba a karanta shi, hannu ne ke koyo, kuma sai ya maimaita sau da yawa.

Tsarin da duniya ta gada, tun daga wanda William Halsted ya kafa a asibitin Johns Hopkins a ƙarshen ƙarni na 19, shi ne almajirci: ka tsaya ka kalla, a ba ka ɗan abu ka yi ana tsaye a kanka, a hankali a sakar maka. Haka ake yi a Najeriya ƙarƙashin Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Bayan shekara shida na jami'a da shekarar gwajin aiki da hidimar ƙasa, mai son zama likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai ƙara kamar shekara biyar ko shida a wuri irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Tsarin ya fitar da gwanaye, ba mai musu. Amma a aikin cikin hanci yana da gurbi babba: hannu biyu kaɗai ramin ke ɗauka. Malami ba shi da inda zai sa nasa hannun ya tare na ɗalibi. Kafin ya ce "tsaya", an riga an ciza.

Abin da ke cike gurbin a ƙasashen da suka ci gaba shi ne gawa. A nan ne mu muke da tarnaƙi, kuma tarnaƙi ne mai dalili. Musulmi na gaggauta suturta mamacinsa, kuma hadisin Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda Abu Dawuda ya ruwaito, ya nuna karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Makarantun likitanci a ƙasar nan sun dogara ne galibi da gawarwakin da ba a zo nema ba, waɗanda ba su da yawa. Wadda aka samu ma an jiƙa ta da sinadarin hana ruɓa, naman ya sandare ya sauya launi. Wadda ta fi dacewa da koyon tiyata ita ce wadda aka daskarar ɗanya, ita kuma tana son firiza da wutar da ba ta yankewa dare da rana. Ko an samu, kai ɗaya gefe biyu ne, dama da hagu, an yi sau ɗaya an gama. Kuma ba ka zaɓen abin da za ka tarar a ciki: mai yiwuwa mamacin lafiyayyen hanci gare shi, ba tsiro, ba karkata.

Akwai wata dabara da likitocin ƙasashe da dama ke yi wadda ta dace da mu ƙwarai, wato koyo a kan kan rago. Namansa na gaske ne, ƙashinsa na gaske, kuma a kowace mahauta daga Argungu zuwa Gusau za a same shi da safe. Yana koya wa hannu riƙon madubi da tafiya a hankali. Illarsa ita ce hancin rago dogo ne, tsarin ramukansa ba na mutum ba ne, don haka yana gyara hannu amma ba ya nuna hanya.

Nan ne samfurin hanci na roba da na'ura ke ƙerawa ya shigo. Mafarinsa hoton CT ne, na'urar da Godfrey Hounsfield ya ƙirƙiro, aka fara ɗaukar majiyyaci da ita a Landan a 1971. Tana ɗaukar kai yanka-yanka, kowane yanki milimita 1 ko ƙasa da haka, ɗaruruwan hotuna jere. Sai a loda su a kwamfuta, a buɗe su da manhaja irin 3D Slicer, wadda kyauta ce. A kan hoton ƙashi fari ne, iska baƙa, nama toka-toka. Mai aikin zai ce wa manhajar ta ware masa farin, ta haɗa shi ya zama siffa mai tsawo da faɗi da zurfi. Ga mai kallo daga nesa, da nan an gama. Alhali nan ne aikin yake. Siraran ƙasusuwan nan da duk hatsarin ke kansu, na gefen ido da na rufi, sun fi ƙarfin idon na'urar a wasu wuraren, sai su fito da huji-huji ko su ɓace. Dole mutum ya zauna ya bi hoto ɗaya bayan ɗaya yana cike su da hannu, awoyi masu yawa, kuma dole ya san ƙirar jiki, ko likita na zaune kusa da shi. In aka yi ganganci a nan, za a fitar da hancin da ba na kowa ba, a koya wa ɗalibi hanyar da babu ita.

Daga nan sai firinta, ba mai buga rubutu a takarda ba, mai gina abu da roba. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga ana gina rumbu, magini na aza sahun laka ɗaya ya zagaye, ya ɗora wani a kai har gini ya tashi, ya riga ya fahimci yadda take aiki. Tana jan zaren roba mai kaurin milimita 1.75, ta narka shi da zafin da ya kai digiri 200, ta fitar da shi ta bakin da bai wuce milimita 0.4 ba, tana zana sahu bisa sahu, kowanne kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita. Tsakiyar fuska kaɗai na iya cin yini guda har da dare. Fasahar ba sabuwa ba ce. Chuck Hull ya sami haƙƙin mallakar salon da ke daskarar da ruwan roba da haske a 1986, Scott Crump kuma ya ƙirƙiro na narka zare a ƙarshen shekarun 1980. Abin da ya kawo ta hannun talaka shi ne ƙarewar wa'adin haƙƙin mallakar salon zaren a 2009. Yanzu ana samun ƙaramar firinta a kan 'yan ɗaruruwan daloli, naɗin zare mai kilo ɗaya kuma ya isa samfura da dama.

A lura da lissafin nan: bakin firinta milimita 0.4, ƙashin gefen ido kuma bai kai rabin milimita ba. Wato mai arhar tana aiki ne a iyakar ƙarfinta. Masu aiki da ruwan roba da haske sun fi ta fitar da ƙananan abubuwa. Manyan kuwa, masu haɗa roba mai tauri da mai laushi a bugu ɗaya don a sami ƙashi da nama tare, kuɗinsu dubun-dubatar daloli ne. A birnin Adeled na Ostireliya kamfanin Fusetec, tare da Farfesa Peter-John Wormald, suna ƙera irin waɗannan samfura daga hotunan majiyyata na gaske, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ana sa su a mazaunin kai a cire a sauya. Masu ƙaramin ƙarfi kuma sukan buga ƙashin da roba mai arha, su zuba silikon, wata roba mai laushi, ya zama naman ciki.

Abin da ya sa nake ganin wannan hanya ta cancanci a tsaya mata shi ne maimaici. A ɗauki ɗalibai goma a ba kowa hanci iri ɗaya sak, abin da gawa ba za ta taɓa bayarwa ba. Malami ya yi nasa a gabansu, su yi nasu, sannan a tsaga samfurin ko a sake ɗaukarsa a CT a ga wa ya bar ɗaki bai buɗe ba, wa ya huda gefen ido. Wanda ya huda zai ga hujin da idonsa, a ba shi wani ya sake, ba wanda ya makance. Ana iya tara masu wuyar, mai zurfin rufi, mai ɗakin da ya rungumi jijiyar gani, mai ƙunƙuntar hanyar goshi, ɗalibi ya haɗu da su a tebur tun kafin ya haɗu da su a jikin bawan Allah. Binciken da aka yi a wurare daban-daban ya nuna masu koyo na ƙara sauri da tsabtar aiki bayan sun maimaita a kan samfuri, ko da yake yawancin binciken a kan mutane kaɗan aka yi shi.

Amma roba ba ta jini, kuma jini shi ne babban abokin gaban mai wannan aiki. Roba ba ta kumbura, ba ta numfashi, hawan jininta ba ya tashi. Mai arhar ba ta karyewa yadda ƙashi ke karyewa, in aka sa mata injin huji sai ta narke ta naɗe a bakinsa. Ɗalibin da ya saba danna roba da ƙarfi, in ya kai wannan ƙarfin jikin mutum ɓarna zai yi. Kuma samfuri ba ya koya wa likita abin da ya fi komai: wa ya kamata a yi wa aiki, wa magani ya isa, yaushe za a ajiye ƙarfe a ce ya isa haka. Wannan sai a bakin malami da gefen gadon majiyyaci. Duk wanda ya ce firinta za ta maye gurbin babban likita, bai san aikin ba.

Akwai fuska ta biyu da ta fi taɓa yankinmu, wato sake gina hancin da ya lalace. Cutar noma, mai cinye leɓe da kunci da hancin ƙananan yara masu fama da tamowa, ta yi mana illa ƙwarai. Asibitin yara masu noma da ke Sakkwato yana aiki tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na tallafa masa tun 2014, kuma da yawan masu zuwa daga Sakkwato da Kebbi da Zamfara suke. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Ga kuma waɗanda harsashin 'yan bindiga ya farfasa wa fuska. A irin waɗannan, samfurin na majiyyacin ne shi kansa. Kwamfuta na iya ɗaukar gefen da ke lafiya ta juya shi ya zama ma'aunin gefen da ya lalace. Likita ya riƙe ƙoƙon fuskar a hannu tun kafin ranar aiki, ya lanƙwasa ƙarfen ɗori a kansa, ya auna guringuntsin haƙarƙarin da zai sassaƙa ya zama karan hanci da fatar goshin da zai juyo ya rufe. Duk mintin da aka rage a nan, an rage wa yaro mai rauni zama ƙarƙashin maganin barci. Ga mai ɗari-ɗari ta fuskar addini, labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad sananne ne: an yanke masa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya.

In za a kawo abin Birnin Kebbi ko Gusau, ni a ganina firinta ce abu mafi sauƙi a cikin lissafin, kuma ina tsoron a fara da ita a ƙare da ita, a yanke ƙyalle a ɗauki hoto a kulle ɗaki. Abin da ke gabanta shi ne na'urar CT mai aiki da ma'aikacin da zai ɗauki sirara-siraran yanka ya ajiye ainihin fayil ɗin, domin fim ɗin da ake ba majiyyaci a ambulan ba ya wannan aiki. Sai madubin leƙe da kyamara da allo da ƙarafa na ɗakin koyo, ko da tsofaffin da aka daina shiga da su ɗakin tiyata ne. Sai wuta: bugun da ya yi awa goma sha biyar in aka ɗauke wuta yana iya tashi a banza, don haka sola da batir ba ado ba ne. Sai yanayinmu. Robar da aka fi amfani da ita tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu a Birnin Kebbi na iya kai wa nan, samfuri ya lanƙwashe. Ƙurar hunturu na toshe bakin firinta, laimar damina na lalata zare in ba a rufe shi ba.

Ma'aikata kuwa ba sai an ɗauko daga waje ba. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero, Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, Jami'ar Tarayya ta Gusau da kwalejin Ƙauran Namoda duk suna yaye matasa masu ilimin kwamfuta ko injiniya. A haɗa biyu ko uku daga cikinsu da likitan hoto da likitan hanci a babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko na Gusau, a ba su ɗaki ɗaya, ya isa a fara. Kuma tun da fayil ne, wanda aka gyara a Sakkwato ana iya turo shi ta intanet a buga a Yawuri ko Zuru. Amfanin yin namu ya wuce rage kuɗi: faɗin hanci da kaurin fata da ƙarfin guringuntsi sun bambanta tsakanin al'ummomi, kuma cututtukan kan zo mana a makare, sun riga sun ci ƙashi sun sauya hanya. Gara ɗalibinmu ya koya a kan irin abin da zai tarar ranar Litinin a asibiti.

Sharaɗi ɗaya ne ba na son a yi wasa da shi. Hoton CT na kai yana ɗauke da suna da lambar asibiti, kuma ko an goge su, kwamfuta na iya sake fitar da kamannin fuskar mutum daga hoton. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Saboda haka a nemi izinin mai hoton da Hausar da zai gane, a gaya masa hancinsa za a buga ɗalibai su koya, in yaro ne a tambayi iyayensa, a goge suna, a yanke fatar fuska daga fayil ɗin kafin ya bar asibiti. Wanda ya ce bai yarda ba, a yi masa aikinsa yadda za a yi wa kowa.